Likitan Mata Da Izinin Maigida



Akwai wani dare wanda kusan kowa a Zangon Kumasi ya taɓa ganin irinsa, ko a gidansa, ko a maƙwabta. Maigida ya tafi fatauci Bawku ko Techiman, ya bar matarsa da tsohon ciki. Naƙuda ta tashi bayan la'asar. Aka kira tsohuwa, aka jiƙa rubutu, aka ce a yi haƙuri, ta kusa. Aka yi lisha, shiru. Dare ya raba, shiru. Wata daga cikin matan gida ta ce, "Ko a kai ta asibiti?" Sai uwar miji ta ce, "Da izinin wa? Mai ita ba ya nan." Aka buga masa waya, ba ta shiga, yana cikin mota a hanya. Ƙanensa yana zaure, amma ya ce shi ba ya iya yanke magana a kan matar wansa, balle an ce likitan da ke can namiji ne. Sai da gari ya waye sa'an nan aka nemi mota. Waɗansu Allah ya kan kuɓutar da su, uwa da ɗa. Waɗansu a komo da uwa babu ɗa. Waɗansu kuwa sai dai mu taru a ƙofar gida, liman ya wuce gaba, mu nufi maƙabartar Tafo.

Ajali gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma an umurce mu da neman magani, kuma amanar iyali a wuyan maigida ta ke. A ƙidayar da Gwamnatin Gana ta yi a shekarar 2017, an samu cikin kowace haihuwa 100,000 mata 310 ne ke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa. Masana da suka bi sawun irin wannan mutuwa sun ce jinkiri uku ne ke kawo ta. Na ɗaya, jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu, jinkirin isa asibiti. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nan alhakin hukuma ne, kuma muna da bakin da za mu yi mata magana. Amma biyun farko a hannunmu su ke, mu masu izini da masu aljihu. Shi ya sa na ga ya kamata mu san ma'aikatan nan da ke duba matanmu, mu san aikin kowannensu, don mutum ba ya sakin jiki da abin da bai sani ba.

Wa ke yin me

Mu fara da ta gida, watau ungozomarmu ta gargajiya. Ita ta yanke cibiyar yawancinmu, ba kuwa mai raina ta. Ta san wanka, ta san rarrashi, ta san sirrin gida. Sai dai ba ta da abin auna jini, ba ta da allurar tsai da zubar jini, in kuma ɗa ya zo a gicciye ba ta da hanyar fid da shi. Babban taimakon da za ta yi a yau shi ne ta gane alamar haɗari da wuri, ta sa mayafinta ta raka mace asibiti.

Sai nas-nas na lafiyar jama'a, waɗanda ke bin unguwa-unguwa suna yi wa yara allura, suna auna nauyinsu, suna tuna wa masu ciki ranar awo.

Daga nan sai ungozomar asibiti. Wannan ta yi karatu shekara 3 ko 4 bayan sakandare, ta ci jarrabawa, hukumar nas-nas da ungozomomi ta ba ta takardar izinin aiki. Ita ke yin awo, ita ke karɓar haihuwar da ta zo daidai, ita ke duba mai jego da jaririnta. Mafi yawan haihuwar asibiti a hannunta ta ke ƙarewa, likita bai ko leƙo ba. Ku lura da wannan da kyau, jama'a, gama kusan dukansu mata ne. Wanda ya kai matarsa awo, a galibi wurin mace 'yar'uwarta ya kai ta.

A saman duka sai likitan mata. Shi wannan ya yi shekara 6 yana karatun likita, ya yi 2 yana aiki a ƙarƙashin manya, sa'an nan ya ƙara aƙalla 3 yana koyon sha'anin mahaifa da ciki da haihuwa kaɗai. A nan Gana mutum ɗaya ne ke riƙe da fanni biyu, fannin haihuwa da fannin cututtukan mata. Shi a ke kira in abu ya gagari ungozoma. Shi ke yin tiyata ya fid da ɗa, shi ke cire ƙari, shi ke ɗinke abin da ya yage. Misalinsa misalin babban malamin gari ne, wanda sai mas'ala ta yi wuya a kan kai masa.

Yadda aka fara

Aikin nan ya daɗe a ƙasar nan. Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a Ankara a shekarar 1923. A 1928 aka buɗe asibitin haihuwa a wurin, aka fara koyar da ungozomomi, a 1931 kuma aka kafa dokar da ta tsara aikinsu. Asibitinmu na Bantama, watau Komfo Anokye, wanda tsofaffi har yau su ke ce wa Gee da sunan kamfanin da ya gina shi, ya zama asibitin koyarwa a 1975, a 2018 kuma aka buɗe masa sabon sashe na uwa da jariri. Dā duk mai son zama likitan mata sai ya ƙetare teku, da yawa kuwa in sun tafi ba su komowa. A 1989 aka fara horar da su a nan gida, a Korle Bu da Komfo Anokye, sai ga shi waɗanda suka koya a gida sun zauna a gida. Ga kuma Manhyia da Suntreso da Tafo kusa da mu. Kakanninmu da suka riƙa takowa da ƙafa daga Kano zuwa Salaga fataucin goro, ba su sami ko kashi ɗaya cikin goma na wannan sauƙi ba.

Abin da a ke nema a wurin awo

Wani ya kan ce, "Ai lafiyarta lau, me za ta je yi?" To, abin da awo ke nema shi ne ciwon da bai riga ya nuna kansa ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce wata 3. Za a auna bugun jininta, a duba fitsarinta, a duba ko jininta ya yi ƙaranci, a san irin jininta. Za a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar hana sandarewar jarirai, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro in ciki ya kai wata 4. Za a kuma ɗauki hoton ciki a ga kwanciyar ɗa, a ga ko tagwaye ne, a ga ko mabiyiya ta tare hanya.

Manyan abokan gaba guda biyu ne. Na farko hawan jinin masu ciki. In ma'auni ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannu, ga gani dishi-dishi, to, jijjiga tana tafe. Mu kan ce iska ce ta taɓa ta, mu kawo hayaƙi, alhali a asibiti akwai allurar da ke hana ta, kuma ba ta da tsada. Na biyu zubar jini bayan haihuwa. Wannan ba ya jiran kowa, cikin awa 2 ya kan kashe mace mai ƙarfi. Ungozomar asibiti tana yi wa mace allura nan take da ɗa ya faɗo don mahaifa ta tsuke. In bai tsaya ba sai likitan mata, da ƙarin jini.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida: jini ya ɓalle wa mai ciki ko mai jego, faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, naƙuda ta wuce awa 12, hannu ko cibiya ta riga fitowa, ɗa ya daina motsi, jijjiga, zazzaɓi mai zafi da ɗoyi bayan haihuwa. Haka kuma macen da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe guda na mara har ta suma, wannan mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba a ciki ba a gani. Maganinsa tiyata, a cikin daren nan.

Wata magana kuma game da jego. Wankan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa al'ada ce da iyayenmu suka zo da ita daga ƙasar Hausa. Likitoci a Zariya sun bincika tun wajen 1970, suka ga yawan kanwa da yawan zafi suna nauyaya wa zuciyar mai jego. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa. In ƙafa ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya, a kai ta a duba.

Ba haihuwa kaɗai ba

Rabin aikin likitan mata bai shafi ciki ba sam, kuma nan ne kunya ta fi yi mana ɓarna.

Duk wanda ya karanta Ahalari ya san babin haila da na jinin biƙi. A mazhabarmu ta Malikiyya iyakar haila kwana 15, iyakar biƙi kwana 60, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne. Malam zai gaya wa mace ta yi wanka ta yi salla, ya kuwa faɗi gaskiya. Amma tun da littafi da kansa ya kira shi jinin ciwo, ashe akwai ciwon da za a nema, mai nemansa kuwa likita ne. Sau da yawa ƙarin mahaifa ne, wanda ya yi yawa ƙwarai ga matan baƙar fata. Shi ba daji ba ne, amma ya kan tsotse jinin mace har ta kasa zaman kasuwa, ya kan kumbura ciki kamar mai juna biyu, ya kan hana haihuwa. Akwai na magani, akwai na tiyata, kuma ba kowace tiyata ce a ke cire mahaifa ba.

Sai ciwon daji na bakin mahaifa, wanda in an ɗebe na nono shi ne ya fi kama matan Gana. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda a ke ɗauka ta wajen kwanciya, namiji ya kan ɗauke ta bai sani ba. Ta kan yi shekara 10 zuwa 20 kafin ta zama daji, a tsakanin nan kuwa gwaji na 'yan mintoci ya isa ya gano ta, a kashe wurin tun bai yi nisa ba. Asibitin Katolika na Battor ya yi suna wajen koya wa nas-nas da ungozomomi wannan gwaji, watau mace ce za ta yi wa mace. A shekarar 2025 kuma Gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinsa kyauta. Ku riƙe wannan: dattijuwar da haila ta ɗauke mata, sa'an nan ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, kada a ce ƙuruciya ce ta komo. A kai ta a duba.

Sai yoyon fitsari. In ɗa ya tokare kwana biyu ko uku bai fito ba, kansa ya kan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har naman ya mutu, ya huje. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga wannan haɗari. Yankan gishiri da a ke yi da aska shi ma yana jawo shi. Mace ta rasa ɗa, ta koma tana yoyo dare da rana, a ware mata kwano, wani lokaci har a ba ta takarda. Alhali ɗinki ne, kuma mafi yawa suna warkewa. Ana yin aikin a Tamale, ana yi a asibitin mata na Mankessim. In kun san wata da aka ɓoye a ɗaki saboda wannan, fid da ita sadaka ce mai girma.

Sai rashin haihuwa, kuma a nan ina neman afuwar dattawa. In aure ya shekara babu ciki, mace kaɗai mu ke tuhuma, ita ke shan sassaƙe da saiwa, ita a ke yi wa kishiya. Likitoci kuwa sun tabbatar kusan rabin irin wannan matsala akwai hannun namiji a ciki. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, kuma likitan mata na kirki ba ya fara yi wa mace dogon magani sai ya ga mijin. Wanda ya auri uku, duka shiru, ya kamata ya yi wa kansa tambaya.

In likitan namiji ne fa

Wannan ita ce ƙayar da ke maƙale a wuyan mutane da yawa, kishi kuwa ba abin zargi ba ne. Amma malamai ba su bar mu cikin duhu ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda ta zauna a kan wannan mas'ala a Burunai a shekarar 1993. Abin da ta tsayar shi ne, a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi, in babu sai namiji wanda ba Musulmi ba. Ya duba iyakar wurin da lalura ta kai, kuma a sami miji ko muharrami ko wata mace amintacciya a wurin. Ƙa'idar asibiti ma haka ta ke, likita namiji ba ya duba mace a keɓe sai da nas. Kuna da ikon ku roƙi a ba ku mace in akwai, kuna da ikon ku ce a ja labule. In babu, jini kuwa yana zuba, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda ta ke jinyar waɗanda suka ji rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta babi-babi yana koya wa ungozomomi yadda za su yi da haihuwa mai wuya.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, ina za a sami likita mace Musulma in mun cire 'ya'yanmu mata daga makaranta mun ɗora musu talla? Likita mace ta farko cikin 'yan ƙasar nan, Susan Ofori-Atta, 'yar Sarkin Akyem Abuakwa ce. Ta fara da koyon ungozomanci a Korle Bu, sa'an nan ta tafi Edinbara ta gama karatun likita a 1947, da dukiyar da mahaifinta ya bar mata. A Zango akwai attajiran da za su iya ɗaukar nauyin yarinya biyar ba su ji a jikinsu ba. Mun gina masallatai, Allah ya saka. Yarinya ɗaya daga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango da za ta zama likitan mata, mai jin Hausa, wadda tsohuwa za ta gaya wa ciwonta ba tafinta, ita ma sadaka ce mai gudana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maganar kuɗi

Ɗan kasuwa ba ya shiga abu sai ya san farashinsa. An kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, tun watan Yuli na 2008 kuma mai ciki tana yin rajista kyauta, katin ya ɗauki awo da haihuwa da tiyata da duba mai jego. Duk da haka kada a tafi hannu sake. Akwai kuɗin mota, akwai 'yan kayan da a kan ce a sayo, wani lokaci da magani ko gwajin da babu a wurin. Akwai kuma jini, wanda ba a sayar da shi a Kejetia, sai wani ya miƙa hannu an ɗiba. Ku kwatanta wannan da abin da mu ke kashewa ranar suna, rago da goro da ɗinki da makaɗa. Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin suna ya isa ya tsare ran mai sunan da uwarsa.

Abin da a ke roƙon maigida

Kafin ka ɗora kaya a mota, ka tara mahaifiyarka da ƙanenka da matarka wuri ɗaya, ka ce, "Na ba da izini tun yanzu. In wani abu ya taso a kai ta asibiti, dare ko rana, kada a jira ni, kuma duk abin da likita ya ce a yi don ceton rai na yarda." Ka bar kuɗi a hannun ita matar, ko a wayarta. Ka yi magana da direba ɗaya na unguwa wanda zai tashi in an buga masa ƙofa, ka kuma koya wa mutanen gida lambar gaggawa, 112. Ka duba katin inshora bai mutu ba. Ka shirya samari biyu cikin dangi waɗanda za su ba da jini. Ko sau ɗaya ne ka raka ta awo, ka ji da kunnenka. In an ce ciki na gaba sai a huta, ka saurara, gona ma a kan bar ta ta huta. In kuwa an taɓa yi mata tiyata, haihuwa ta gaba lalle a asibiti, don tsohon ɗinki ya kan yage.

Limamanmu da masu unguwanni, ku faɗi wannan a wurin ɗaurin aure da suna, inda maza ke taruwa. Iyayenmu mata, ku da kuka haifi goma a ɗaki Allah ya tsare ku, ku tuna da ƙawayenku da ba su tashi daga kan gwiwa ba, kada ku ce wa surukarku raguwa don ta nemi asibiti.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.